Lafiyarka Ƙalau, In Ji Wa?

Ka ce lafiyarka ƙalau? To, madalla. Wa ya faɗa maka? Jikinka? Wannan jikin da ya rantse maka za ka iya cinye malmala uku ka yi sallar isha'i ba gyangyaɗi, yau shi ne shaidar da za ka kafa a gabana? Alhaji, zauna. Naɗe hannun rigar nan a ɗaura maka abin awo.

Na ga ka janye hannu. Ka ce ai mai hawan jini ba ya ɓuya: ciwon kai, jiri, ido ya kaɗa ya yi ja, ƙeya ta riƙe. Kai kuwa rabonka da ciwon kai tun ranar da aka kawo maka lissafin kayan ɗakin 'yarka. To, a nan aka yi maka sakiyar da ba ruwa. Yawancin masu hawan jini ba abin da suke ji. Mutum zai yi shekara da shekaru yana yawo da 170 bisa 100, yana cin kasuwarsa, yana zuwa ɗaurin aure, har ma yana ƙara nasa, ko gezau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ke ɗauke da wannan ciwo, wato kusan ɗaya cikin kowane manya uku, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Je ka tambayi rabin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu zai ce maka lafiyarsa ƙalau, da irin muryar da ka faɗa mini yanzu, har da buga ƙirji.

Ka ce lambobin ma ruɗa ka suke yi, likitoci sun mai da abin lissafin boko don su ci kuɗi? Haba Alhaji. Kai da ke lissafin ribar buhu ɗari biyu a ka ba tare da biro ba, lamba biyu ce za ta gagare ka? Ta sama ƙarfin da jini ke tura jijiyoyi ne a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana jiran bugu na gaba. Lafiyayyen mutum yana wajajen 120 bisa 80. In an auna ka a ranaku biyu daban-daban aka sami 140 bisa 90 ko fiye, ka shiga layi. Ka ma gode wa Allah ba a Amurka kake ba: a 2017 likitocin zuciyarsu suka sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80, miliyoyin mutane suka kwanta a masu lafiya suka wayi gari a majinyata.

Awon ma yana da ladabinsa. Ba wai ka shigo kemis kana haki daga faɗa da ɗan acaɓa, goro a kunci, fitsari ya matse ka, ka ce a auna ba. Ka rabu da goro da sigari da kofi na rabin awa, ka kama ruwa, ka zauna minti biyar bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai ƙirji, baki a rufe. Na san wannan na ƙarshen ne zai fi ba ka wuya. Abin da na'ura ta nuna kuma shi za ka rubuta, da rana da lokaci, ka kai wa likita. Ba a ciniki. Ba a cewa “albarka” a rage maka goma.

Ka ce ai ciwon masu kuɗi ne, ko na masu tunani? Kai ba ka da bashi, matanka ba sa faɗa, ba ka tsaya takara ba, me zai hau da jininka? Damuwa takan ɗaga shi, wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ke da hannu ba, ba ma ita ce babba ba. Akwai gado: in mahaifinka ko mahaifiyarka sun yi, ka sa ido. Akwai shekaru, don jijiya tana ƙara tauri yadda gemu ke ƙara fari. Akwai gishiri, akwai teɓa, akwai zama a shago daga hantsi har magariba ba motsi sai na baki, akwai ciwon ƙoda. Siririn manomi da bai taɓa ganin cikin banki ba ana auna shi a sami 190. Wannan ciwo bai taɓa tambayar kowa takardar shaidar arziki ba.

Yanzu za ka jawo mini kakanka. Na sani, kowa yana da kakan nan. Ya shekara ɗari da goma, bai taɓa haɗiyar ƙwaya ba, yana noma har ranar da ya cika. Ban ƙaryata ka ba, ko da yake ban san wanda ya riƙe masa lissafin shekarun ba. Amma kakan naka da ƙafa yake zuwa gona, da ƙafa yake cin kasuwar ƙauye, miyarsa daddawa ce ba dunƙule ba. Sannan ina ƙannensa? Ina wanda aka ce ya shiga banɗaki ya faɗi, aka fito da shi baki a karkace, aka ce ya taka ɗan aljani? Ina wadda aka kwana da ita lafiya ba a tashi da ita ba, aka ce jifa ne daga kishiya? Aljanu sun sha ɗaukar laifin da ba nasu ba a garuruwan nan, kishiyoyi kuwa ba a magana. Ba a auna su ba ne kawai, don ba abin awon.

Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai muka yi wannan zaman duhu. Franklin Roosevelt, shugaban Amurka sukutum, ya mutu ranar 12 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 63, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Awon da aka yi masa ranar ya kai 300 bisa 190. Likitocinsa sun yi shekaru suna kallon lambar tana hawa, ba su da wani maganin kirki da za su ba shi, don ƙwayoyin fitsarin nan masu saukar da jini sai wajen ƙarshen shekarun 1950 suka fito. Ƙwayar da kake yi wa yanga, mutumin da ya ja ragamar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu bai same ta ba.

Af, ashe ma kana da ita. Na gan ta. Tana can cikin aljihun mota, ƙarƙashin tsofaffin takardun inshora da carbin da ya tsinke, sacet guda, an ɓare huɗu an bar shida, zafin rana ya gasa ta har rubutun ya koɗe. Tun kafin babbar Sallah aka saya.

Ka ce ai ka sha, ka koma an auna, an ce ya sauka, shi ya sa ka ajiye? Zo in sumbaci wannan kai mai hikima. Ya sauka ne saboda me? Saboda kwarjininka? Ka ɗauki maigadi, aka shekara ba a yi maka sata ba, sai ka kira shi ka ce, “Malam, tunda ɓarayi sun daina zuwa, ga kuɗin sallamarka.” Abin da ka yi ke nan. Wannan ba maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a kashe ƙwayar cuta a huta. Babu wata ƙwayar cuta a nan da za a kashe. Wani maganin sassauta jijiyoyi yake yi su buɗe, wani ya sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwan da suka yi yawa, wani ya rage wa zuciya gudu, kuma kowanne aikin ɗan lokaci yake yi ya fice daga jiki. Ka daina, cikin 'yan kwanaki jini ya koma inda yake, ba sallama. Wasu ma, irin su atenolol, in aka yanke su dare ɗaya sai zuciya ta ɗauki gudu fiye da da, abin ya zama haɗari.

Sai ka ce to ka gani, abin da kake gudu ke nan: in ka fara ba ka dainawa, jiki ya saba. Ikon Allah! Kai da ka shekara talatin ba ka tsallake shayin safe ba, kai da in goro ya yanke maka na awa biyu ba mai iya gaishe ka, kai ne yau kake tsoron sabo? Jiki ba ya kamuwa da jarabar maganin hawan jini. Ba wanda aka taɓa kamawa ya fasa kemis da dare don amlodifin. Ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa maganin ba ya tafiya. Zan ba ka abu ɗaya, don kada ka ce ban yi maka adalci ba: akwai waɗanda suka rage teɓa da gaske, suka yanke gishiri, suka kama tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, har likita ya rage musu ƙwaya, wasu ƙalilan ma ya ɗauke musu. Likita na ce. Bayan awo a kai a kai. Ba majalisar ƙofar gida ba.

Ka ce ai kwana in ya ƙare ba makawa, da magani da ba magani? Wannan ba mai musu da kai. Sai dai hawan jini bai cika yi wa mutum alfarmar ɗauka lokaci guda ba. Ka taɓa zuwa dubiyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye? Dattijo mai faɗa a ji a unguwa, yana kwance a kan katifa an shimfiɗa leda a ƙasa, hannun dama ya saki a gefe, yawu na bin gefen baki, yana so ya kira sunan ɗansa harshe ya ƙi. Yara biyu ke cicciɓarsa zuwa bayi. Matar da ya hana fita shekara ashirin ita ke juya shi cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo. Haka zai iya yin shekara biyar, ko goma. Ba wanda ya ce ƙwaya za ta ƙara maka kwana a kan abin da aka rubuta. Ana so ne kwanakin ka yi su kana ɗaukar butarka da hannunka. Kuma tunda mun zo nan, bari in ajiye wasa na minti ɗaya. In ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya asibiti. Awoyin farko su ne komai. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, yana iya shaƙewa.

To, mu koma faɗanmu.

Ka ce kai na gargajiya kake yi: zoɓo, tafarnuwa, zogale, ga ƙaho duk wata? Ba ni da rigima da zoɓo. An ma gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010: kofi uku a rana na mako shida ya sauko da lambar sama da kimanin 7, a jikin mutanen da nasu bai yi nisa ba. Bakwai, Alhaji. Kai kana 180. Cire bakwai ka gaya mini unguwar da ka sauka. Kuma nasu zoɓon ba irin naka ba ne da ake zuba wa sukari har cokali ya tsaya. Sha abinka, amma a kan magani, kuma likita ya sani. Shi kuwa wanzami, mutumina ne, shi ya yi mini askin suna, ba zan ci mutuncinsa a jarida ba. Sai dai matsalarka ba yawan jini ba ce da za a tsaga ƙeya a rage. Ɗan abin da ƙaho ya zuƙa jiki zai mayar da shi, jijiyoyin kuma suna nan a matse yadda suke.

Ka ce maganin asibiti sinadari ne, kai kuwa abin da ya fito daga daji ka yarda da shi? Riƙe hularka. Lisinofiril ɗin da aka rubuta maka, asalin danginsa daga dafin wata kububuwar Birazil ne. Wani masani ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, shi ya gano a shekarun 1960 cewa akwai abin da ke saukar da jini a cikin dafin, daga nan aka ƙera kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Wani tsohon maganin, risafin, daga saiwar wani tsiro na Indiya aka tatso shi. In daji kake nema, ga maciji ga saiwa, me ya rage? Bambancin kawai shi ne wannan an auna shi, an san miligiram nawa ke cikin kowace ƙwaya, an san abin da yake yi wa ƙoda. Jarkar mai lasifika a bakin tasha kuwa, wadda ke maganin hawan jini da basir da shawara da sanyin mara da taifot duk a kofi ɗaya, ko shi mai sayarwar bai san awonta ba.

Ka ce don jikin Bature aka yi su? Wannan karon ka kusa faɗar abin kirki, saura ƙiris. Gaskiya ne ba kowane magani ke aiki iri ɗaya a jikin kowa ba. Shi ya sa wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, ya jagoranci gwaji a ƙasashe shida na Afirka a kan baƙaƙen fata 728, aka wallafa a 2019. Abin da aka gani shi ne haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jininmu. A kanmu aka gwada, ɗan ƙasarmu ya gwada. Kuma ka lura na ce haɗi: yawancin masu wannan ciwo sai an gama musu magani biyu ko fiye kafin ya daidaita. In likita ya ƙara maka ƙwaya ta biyu, ba wai ya ga likkafaninka ba ne.

Hajiya, na ji dariyarki daga bayan labule. Fito, da ke ma ake yi. Kin ce kin daina sa gishiri a miyar Alhaji tun da aka auna shi? Sannu da ƙoƙari. Dunƙule nawa kika marmasa a madadinsa? Biyar? Ga farin maggi a kai? Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, an yi masa kwalliya da takarda mai ƙyalli. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma a ciki har da na burodi, da na yajin tsire, da na kilishi, da na kifin gwangwani, da ƙunshin garin da ke cikin taliyar yara. Ki koma ga daddawa da citta da masoro da kimba da albasa, ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Alhaji zai yi ƙorafi, amma dama ko da gishirin yana yi.

Sai kanwa. Ita ma 'yar gidan su gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikinta jingim. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Na san Bakano yana can yana tafi, an taɓa Zage-zagi. Yi a hankali, naka na zuwa. Ke dai Hajiya, in kina da juna biyu kada ki yi wasa da zuwa awo, don hawan jinin ciki shi ke kai mace ga jijjiga. Kuma kada ki taɓa ƙwayar maigida: lisinofiril da losatan suna cutar da ɗan da ke ciki. Masu ciki nasu daban ne, irin su Aldomet da nifedifin. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mayukan bilicin ɗin nan ma suna ɗaga jini, amma wannan faɗa ne na wata rana, ba na so a hana ni abinci a gidan biki.

Alhaji, dawo. Na ga kana ta kewaye-kewaye, akwai abin da ke bakinka. Ka ce maganin yana sa ka fitsari, alwala ba ta zama? In irin su Moduretic ne, aikinsu ke nan. Sha da safe, kafin dare ya lafa. Ka ce ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga? Amlodifin yakan yi haka. Busasshen tarin nan da ya hana ka barci, har ka shanye kwalba uku ta maganin tari a banza? Halin lisinofiril ne, ana sauya shi da losatan a huta. Duk waɗannan gyara ake yi, ba guduwa ba.

Ba shi ke nan ba? Matso, ba mai ji. Harkar iyali ko? An ce maka yana kashe namiji. To, saurara. Wasu tsofaffin magungunan, musamman atenolol da na fitsarin, sukan rage wa wasu maza kuzari, ba ƙarya ba ne. Amma ka san babban mai wannan ɓarna? Shi hawan jinin da kansa. Harkar nan gaba ɗaya aikin jijiyoyin jini ce, kuma ƙananan jijiyoyi su ke fara lalacewa. Ka ajiye magani don ka tsira da mutuncinka, ciwon ya bi ta bayan gida ya kwashe mutuncin. Buɗe baki ka gaya wa likita, ya ji wanda ya fi naka kafin ya karya kumallo. Akwai magungunan da ba su cika taɓa wannan fanni ba, sai ya sauya maka. Kai da ke iya tsayawa gaban mai tallan maganin maza a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, kunyar ɗaki mai ƙofa a rufe kake ji?

Tunda mun zo kasuwa: haɗin nan da yaron kemis ke ƙulla maka a leda in ka ce jiki na ciwo, ja da fari da ruwan ɗorawa, tambaye shi abin da ke ciki. In akwai diklofenak ko ibufurofen ko Feldene, suna ɗaga jini, suna karya ƙarfin maganinka, suna kuma cin ƙoda in aka mai da su abincin kullum. Farasitamol ya fi maka sauƙi.

Bakano, ga naka. Tun ɗazu kake jira a zo maganar farashi. Ka ce magani ya yi tsada? Ya yi, wallahi, musamman tun da Naira ta zube a 2023, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai shiga kemis kwanan nan ba. Amma ai kai ɗan kasuwa ne. Tambayi kuɗin amlodifin na wata guda, ba mai babban suna ba, wanda dai ke da lambar NAFDAC. Sannan ka leƙa sashen wankin ƙoda na kowane babban asibiti ka tambayi kuɗin zama ɗaya, ka tuna ana yi sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, kuma ba ranar gamawa. Hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke kai mutane kan wannan gado. Buga lissafin da kanka, ni Bazazzagi ban isa in koya maka riba da faɗuwa ba.

Saura uzuri ɗaya a aljihunka, na gan shi: azumi. Ka ce wata guda za ka ba maganin hutu saboda ibada? Wa ya ce maka da rana ake dole sai an sha? Yawancinsu sau ɗaya ne a yini, sai a mai da shi lokacin sahur ko buɗa-baki. Ka je wurin likita tun cikin Sha'aban ya tsara maka, musamman in kana shan na fitsari kuma azumin ya faɗo cikin zafi, don kada jiki ya bushe jiri ya kwashe ka a sahun tarawihi. Ka ce za ka riƙa mantawa? Ajiye sacet ɗin a gefen farantin ƙosai. Shekara nawa muna buɗa-baki tare, ban taɓa ganin ka manta da inda farantin nan yake ba.